Hawan Jirgin Sama Bayan Aikin Kwatangwalo: Jan Kunne Ga Maniyyata Da Fatake

'Yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce ta mutumin da likitoci suka cire masa gaɓar kwatangwalo suka dasa masa ta ƙarfe, sa'an nan tafiya ta taso masa a jirgin sama kafin ya warware, ko ta Hajji da Umra, ko ta fatauci, ko ta dawowa gida daga ƙasar da aka yi masa aikin.

Wannan aiki ya kankama ne a hannun wani likitan Ingila mai suna John Charnley, wajen shekarar 1962. Yadda a ke yi shi ne, a yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a kafa wani na ƙarfe ko na tangaran, a dasa masa ƙoƙo a cikin ƙugu inda zai riƙa juyawa. A ƙasarmu masu bukatarsa sun haɗa da tsofaffin da gaɓa ta cinye, da waɗanda suka karye, da kuma samari masu ciwon sikila, domin cutar takan toshe wa kan ƙashin hanyar jini har ya mutu. Wasu a kan yi musu a gida, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu kuwa sai sun je Indiya ko Masar.

Babban abin tsoro shi ne gudan jini. Tun a ƙarni na 19 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yi bincike a kan daskarewar jini cikin jijiya, har a ke jingina masa sababai uku: jini ya rage gudu, ko jijiya ta ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. To, wanda aka yi wa aikin kwatangwalo ya tara duka ukun, gama an taɓa jijiyoyinsa, jikinsa ya himmatu ga tsai da jini, ga shi kuma ba ya yawan motsi. Idan gudan ya taru a sharaɓa ko cinya, yana iya ɓallewa ya bi jini har huhu ya toshe shi, kuma wannan yakan kashe mutum farat ɗaya. Shi ya sa a ke ba mai jinya maganin tsinka jini na kwana 28 zuwa 35 bayan aikin.

Shi kuma jirgin sama ƙari ya ke yi a kan wannan. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sakamakon bincikenta cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin gudan jini wajen sau biyu. Ga mai lafiya abin kaɗan ne, kamar mutum 1 cikin 6,000. Amma wanda haɗarinsa ya riga ya yi yawa, ninkin nasa ba wasa ba ne. Ku lura, daga Kano zuwa Jidda ya fi awa 4, dawowa daga Indiya kuwa ta wuce awa 10, ban da zaman jiran canjin jirgi. Ga kujera a matse, ga iskar ciki busasshiya mai jawo ƙishirwa.

Abin tsoro na biyu shi ne gocewar sabuwar gaɓa. Kafin naman da ke kewaye da ita ya kama, watau cikin mako 6 zuwa 12 na farko, likitoci da yawa sukan hana mutum ya ɗaga gwiwa ta fi ƙugunsa tsawo, ko ya harɗe ƙafafu, ko ya zauna a kujera 'yar gajera. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muka saba da zaman tabarma da masai na tsuguno.

Game da tsawon jira, likitoci sun saɓa kamar yadda malamai kan saɓa. Da yawa daga na Ingila suna cewa a dakata mako 6 kafin gajeriyar tafiya, wata 3 kafin doguwa. Akwai masu sassautawa idan mutum yana kan magani kuma ya fara takawa sosai. Hukuncin kowa yana hannun likitan da ya yi masa aikin, shi ya san shekarunsa da nauyin jikinsa da ko ya taɓa samun gudan jini. Wanda zai fita waje neman magani, ya sa kuɗin zaman jinya a cikin lissafinsa tun daga gida, kada tsadar masauki ta koro shi kwana goma bayan aiki.

Ta fuskar shari'a, kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da addini ya zo domin tsare su. Hajji kuwa bai wajaba ba sai da iko, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun fassara ikon da samun isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da aminci ga rai da dukiya. Saboda haka idan amintaccen likita, masanin aikinsa, ya ce tafiyar bana tana da haɗari ga ranka, Alhaji, ba ka da laifi idan ka jinkirta zuwa baɗi. Kuɗin kujera da ka biya, da kunyar a ce ka fasa, ba su kai ranka ba. Ka tuna kuma sauka Jidda farkon aiki ne: sa'ayi kaɗai wajen kilomita 3 ne, ban da ɗawafi da turereniyar Mina. Umra kuwa sunna ce, ƙofarta a buɗe ta ke a sauran watanni. Haka ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko Sin ya wakilta ɗansa ko yaronsa, ma'aikaci kuma ya nemi a ɗaga masa kwas. Masu cewa ai ajali ba ya wuce ranarsa, gaskiya suka faɗa, amma tawakkali bai hana riƙon sababi ba.

Wanda tafiya ta zame masa tilas, kuma likita ya yarda, ga abin da ya kamata. Ya karɓi takardar likita, domin kamfanin jirgi na iya nemanta, kuma ƙarfen jikinsa yakan sa na'urar bincike ta yi ƙara. Ya nemi keken marasa lafiya tun wajen yankan tikiti, da kujerar bakin hanya mai wurin miƙe ƙafa. Maganinsa ya kasance a jakar hannu, ya sha shi a kan lokaci. Ya tashi ya ɗan taka kowace awa ɗaya ko biyu, a zaune kuma ya riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa. Ya sha ruwa sosai, ya guji ƙwayar barci. Ya tafi da mai taimaka masa, kada ya ɗauki kaya.

Shari'a ta sauƙaƙa masa sauran. In Ramadan ne, matafiyi marar lafiya yana da damar shan ruwa ya rama daga baya. Idan sujada da zaman tahiya za su cutar da gaɓar, ya yi abin da zai iya a tsaye, sauran ya yi ishara daga kan kujera. Idan likita ya sa shi sanya matsattsiyar safa ta asibiti alhali yana cikin harami, ya sa abarsa ya yi fidiya: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Ɗawafi a keke ya halatta ga wanda ya kasa tafiya.

Bayan an sauka ma a ci gaba da lura, domin gudan jini na iya bayyana bayan kwanaki, har makonni. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, kada a kira mai tausa ko wanzami, gama murza ta na iya ɓalle gudan. Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya soke, ko aka yi tarin jini, a garzaya asibiti nan take, a gaya wa likita ranar da aka yi aikin da ranar da aka hau jirgi.

Allah ne mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.