Ra'ayinmu: Gyaran babur bayan ƙaramin hatsari, kada a tsaya ga abin da ido ya gani

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Bojekali ta ratsa Madekali ta nufi Iluwa da bakin iyakar Nijeriya ya san cewa babur ne jakin wannan zamani. Shi ke kwaso albasa da shinkafa daga gona zuwa kasuwar Malanbil, shi ke dawowa da jarkokin mai da katan-katan na kaya daga wajen Lolo, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti idan dare ya tsala. Abin da ke wannan zirga-zirga kullum ba ya rasa faɗuwa. Akuya ta gitta, yashi ya kwashe taya, ko mutum biyu su yi karo a mararraba ranar kasuwa. Galibi a tashi a kaɗe jiki, a gode wa Allah da abin ya zo da sauƙi. Abin da ke biyo bayan kaɗe jikin nan shi ne ya dame mu.

Yadda aka saba, jama'a su taru, dattawa su shiga tsakani, a ce wane kai ne da laifi, sai ka gyara masa. Nan take a dubi babur a tsaye, a ƙirga fitilar da ta fashe da madubin da ya karye da robar da ta tsage, a yanke kuɗi, kowa ya kama gabansa. Sulhu alheri ne, ba mu da ja a kan haka. Amma kuɗin da aka yanke a bakin hanya kuɗin kwalliya ne kawai. Wanda zai biya yana neman mafi araha, wanda aka buge yana gaggawar komawa neman abinci, shi kuwa bakanike ba ya son ya kori ciniki. A haka sai babur ya fito daga gareji yana ƙyalli, alhali ciwon yana ciki.

Kanikawan da suka san aikinsu sun san inda karo ke ɓoye ɓarna. Idan gaba ne ya bugu, ƙarafan shokozoba biyu da ke riƙe da tayar gaba su ne ke fara shan wuya, kuma lanƙwasar da ba ta kai kaurin tsinke ba ta isa ta sa babur ya riƙa ja gefe guda. Boris ɗin da ke wuyan babur yakan lotsa, sai kan ya riƙa cijewa a tsakiya idan ana juya shi. Wili kan karkace, kusoshin birki su saki, wani lokaci ma ƙarfen jikin babur ya tsage a daidai wuya, inda fenti da ƙura ke rufe shi. Gano waɗannan ba ya bukatar na'ura. A ɗaga gaban babur sama, a juya kan hagu da dama a hankali, a wulwula tayar a ga ko tana rawa, a shafa ƙarfen shokozoba a ga ko mai na tsatsa, a wanke wuyan a duba da kyau. Aikin minti kaɗan ne. Amma mutum nawa ne ke yarda a yi masa shi kafin a ɗaura sabuwar fitila?

Akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata a yi wa tufkar hanci, wato gasa ƙarfen shokozoba da wuta a miƙe shi da guduma, ko a liƙe tsagar wuya da walda sama-sama a shafa baƙin fenti. Ƙarfen da aka gasa aka miƙe ba ya komawa ƙarfinsa na da. Babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu, a nan wajenmu buhu uku yake ɗauka har da mai kayan a sama, ga ramuka, ga laka idan Kwara da Sota suka cika a damina. Ranar da ƙarfen nan zai gaji ba zai yi sallama ba. Kuma kowa ya san idan rauni ya fi ƙarfin asibitin Malanbil, sai an dangana da Paraku, tafiyar da ta haura kilomita 300.

Ba mu manta da halin da ake ciki ba. Samun kayan gyara na kirki ya yi wuya, kuma dalilan a bayyane suke. Babura irin su Bajaj da TVS daga Indiya suke, Haojue da Jincheng da ire-irensu daga Sin, kayan gyaransu ma yawanci daga can ake shigo da su. Wasu su sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano su yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin su iso, wasu su biyo ta Nijeriya, musamman daga kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra wadda ta yi suna a wannan fatauci, su ratso Kano ko Sakkwato zuwa Kebbi. Duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa farashinsu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, kuma ko da ECOWAS ta janye takunkumi a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe har aka shiga 2025. A cikin wannan tsakani aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, naira kuma ta zube, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai sefa a aljihu ya ɗauka garaɓasa ta faɗo masa, amma kayan da aka sayo da dala tare da dala suke hawa, saboda haka ribar canjin ba ta je ko'ina ba.

Inda kaya suka yi tsada, nan jabu ke samun gindin zama. A yau za ka tarar da takalmin birki iri uku a shago ɗaya, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, farashi daban-daban. Na jabu fatarsa kan saɓule idan ya sha zafi ko ruwa, wayar birki ta jabu kan tsinke daidai lokacin da aka fi bukatarta. Mu a ganinmu mutum na iya sayen madubi da roba da sigina na araha, babu wanda zai zarge shi, talaka da abin da ke hannunsa yake aiki. Amma birki, taya, boris da shokozoba, rai ne ke rataye a kansu, araha kuwa ba ta ado.

A nan ne muke son mu yi magana da 'yan'uwanmu masu sayar da kayan gyara, domin da yawansu suna cikin masu karanta wannan shafi. Ku kun san mai kyau, kun san na tsakiya, kun san na banza, tun daga inda kuka saro. Abin da ake nema gare ku bai wuce ku faɗi gaskiya ba: wannan na kamfani ne, wannan kwaikwayo ne, ga kuɗin kowanne, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Malamai sun sha bayyana hukuncin ɓoye aibin haja, ba sai mun maimaita ba. Ko ta fuskar kasuwa ma, ɗan kabu-kabun da birkinka ya yaudare shi zai faɗa wa tasha guda. Ku kuma riƙa ba da rasit mai sunan shago da sunan kaya da kwanan wata. Shi ma mai saye ya taimaki kansa, ya tafi da tsohon ƙarfen da aka cire a gwada, ya san samfurin baburɗinsa. Boxer mai inji 100 daban, mai 150 daban. Yawancin baburan Sin masu inji 125 kuwa, da yake tsarin Honda CG suka bi, wasu kayansu na shiga juna, wasu ba sa shiga, kama da wane ba ta wane.

Sai batun kayan gwanjo. Gaskiya ne wani tsohon ƙarfe na asali ya fi sabon jabu ƙarko, kuma shi ya sa ake rububinsa. Amma ba kowane babur da aka wargaza ne ya mutu mutuwar Allah da Annabi ba, akwai na sata da ake tsallakawa da su iyaka a sayar gunduwa-gunduwa. Wanda ya sayi inji ko ƙarfen jiki daga hannun da bai sani ba, ya sani cewa lambobin da ke jikinsu ba za su yi daidai da takardun da hukumar ANaTT ta ba shi ba. A yanayin tsaron da Alibori ta shiga a 'yan shekarun nan, babur mai lamba biyu a shingen jami'an tsaro ba ƙaramar fitina ba ce, kuma bayanin cewa a gareji aka ɗaura maka ba lallai ya fisshe ka ba.

Hular kwano ma tana cikin lissafin gyara, ko da yake ba a cika tunawa da ita ba. Tun watan Maris na 2024 'yan sandan Benin suka tsananta kamen marasa hula, direba da fasinja, lamarin da ya sa mutane da yawa suka sayi ta roba mai araha don tsira daga tara kurum. Hular da ta daki ƙasa sau ɗaya ta gama aikinta ko da ba ta nuna tsaga ba, domin soson da ke cikinta ya riga ya matse. A sa kuɗin sabuwa cikin kuɗin sulhu.

Muna kira ga shugabannin kanikawa da na 'yan kabu-kabu da na masu kayan gyara a Madekali da Malanbil da su zauna su yi wa kansu ƙa'ida tun kafin hukuma ta yi musu tata. Kada a yanke kuɗin sulhu sai bakanike ya ɗaga gaban babur ya duba a gaban masu rigimar su biyu. Ogan da ya bar yaransa suna gasa shokozoba a ja masa kunne. Ofishin magajin garin Malanbil kuma, da yake yana karɓar haraji a hannun waɗannan shaguna da gareji-gareji, ya nemi wakilan kamfanonin babura da ke Kwatano da Paraku su riƙa zuwa da kayan asali a ranakun kasuwa, su nuna wa kanikawa yadda ake bambance su da na jabu, a kuma kafa jerin shagunan da suka amince da ba da rasit a ƙofar tasha inda kowa zai gani.