Ɗan Sanda Mai Tsohuwar Fijo Da Rigar Annabi Yusufu

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani wasan kwaikwayo na telebijin da ake kira Columbo, wanda gidan NBC na Amurka ya nuna daga 1971 zuwa 1978, aka kuma farfaɗo da shi daga 1989 zuwa 2003. Peter Falk, wanda ya mutu a 2011, shi ne ya fito a matsayin Laftana Columbo, ɗan sandan ciki na birnin Los Angeles.

Abin da ya burge mu shi ne tsarin labarin. Tun daga farko akan nuna mana mai kisan, galibi attajiri ko mai muƙami, da yadda ya ɓoye sawunsa. Saboda haka abin da mai kallo ke jira kawai shi ne yadda asiri zai tonu. Sai ga Columbo ya iso cikin tsohuwar Fijo da yamutsattsiyar kwat, yana sosa kai kamar wanda bai san komi ba. Ba ya riƙe bindiga, ba ya dūkan kowa. Har ya kai bakin ƙofa zai fita, sai ya juyo da wata 'yar tambaya guda. Gwanintar Falk ita ce yakan sa mai laifi ya raina shi, rainin nan kuwa shi ke sa ya saki baki.

Wannan hanya malamanmu sun san ta, suna kiranta ƙarina, wato alamar da ke nuna gaskiya in babu shaidu. A cikin Suratu Yusuf, rigar da aka yaga ta baya ita ce ta wanke Annabi Yusufu, alaihissalam. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi Sulaimanu ya gane uwar jariri ta gaskiya, da ya ce a kawo wuƙa a raba shi biyu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya yi bayanin haka a littafinsa Aɗɗuruƙul Hukmiyya.

To, ya ɗan kasuwa, ya ma'aikacin gwamnati, ga rabonku. Mai laifi a wasan nan yakan shirya manyan abubuwa tsaf, ƙaramin abin da ya manta ne ke kā da shi. Haka rasit na ƙarya yake, haka mudun da aka buga wa gindi. Wanda kuma aka ɗora wa binciken wani, ya yi haƙuri ya nemi hujja, kada ya tilasta wa mutum amsa laifi da bulala.

Idan ɗan Adam mai mantuwa yana iya kama ɓarawo da tambaya guda, ina ga ranar da gaɓoɓi za su yi shaida? Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.