Gonarmu Tana Shan Ruwan Tiga, Mu Ba Mu Taɓa Ganin Tiga Ba



Ran nan Yayana ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Gari ne a kan dutse, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Mutane sun ɗaura wasu dogayen katakai a ƙafa suna sulalowa daga saman dutse har ƙasa. Na ɗauka Turai ce, sai Yaya ya ce a'a, nan Afirka ce, wani wuri ne mai suna Ukaimedan a duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, kusa da birnin Marrakesh. Ya ce akwai irinsa a ƙasar Lesoto, su kuma sanyinsu daga watan Yuni zuwa Agusta yake, lokacin da mu muke tsakiyar damina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, uba da uwa da 'ya'ya duk tare suka fito. Har wata tsohuwa na gani, sa'ar Kakata, tana riƙe da hannun jikarta. Sai na tambayi kaina, mu yaushe rabon da mu fita tare da iyayenmu, ba gona ba, ba asibiti ba, ba gaisuwar mutuwa ba?

Mu ma ai muna da sanyinmu. Daga Disamba zuwa Janairu hunturu yana busawa, hazo ya rufe gari, ƙafa ta yi faso, da asuba kowa ya zagaye wuta yana jiran kunu. Kuma sanyin nan arziki ne a wurinmu, don sai da shi alkama take yi, tumatir da albasa ma a lokacinsa suka fi kyau. Sai dai idan aka ba da hutun zangon farko, manya suna gona, yara kuma kowa ya kama gabansa.

Mun san inda da yawanmu suke zuwa: bakin kanal. Mu ma muna da namu wasan sulun. A yanka tsohuwar jarka, a zauna a ciki, a sulalo a kan simintin gangaren kanal. Bara ƙanina ya yi haka, jarkar ta zarce da shi cikin ruwa. Allah ya sa wani manomi yana kusa, shi ya fizgo shi. Har yau idan Inna ta tuna sai jikinta ya yi sanyi. Ban da nutsewa, malamin kimiyya ya koya mana cewa ƙwayar cutar tsargiya tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗin da ke cikin irin wannan ruwa, tana shiga ta fata, shi ya sa wasu yaran suke fitsarin jini. Ana dukanmu a kan zuwa kanal, amma duka bai hana ba, saboda yaro ba zai yini a ɗaki ba. Idan an hana shi wani wuri, sai a nuna masa wani.

Shawarata ita ce, duk shekara a ware rana ɗaya a lokacin hunturu, makaranta da iyaye su kai mu madatsar ruwa ta Tiga.

Me ya sa Tiga? Saboda duk ruwan da ke bi ta Kura da Bunkure da Garun Malam daga can yake fitowa. An gina ta a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da ita. Babu injin da yake turo mana ruwan babban kanal, gangare kawai yake bi har ya iso gonakinmu. Kwandunan tumatir da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, da shinkafar da ake cashewa a Kura, da kuɗin littafin da ke hannunka, akasarinsu albarkar wannan ruwa ne. Amma da na tambaya a ajinmu wa ya taɓa ganin Tiga da idonsa, hannuwan da aka ɗaga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Muna haddace sunanta don jarrabawa, alhali ko tafiyar Zariya ba ta kai ba. Gani ya kori ji.

Na san abin da za a ce. Na farko, babu kuɗi. Gaskiya ne, abubuwa sun yi tsada. To amma ba otal za mu kwana ba. A yi sammako, a dawo kafin magariba, kowa ya ƙullo ɗumamensa ko ɗanwakensa daga gida. Kuɗin mota ne kawai, kuma idan aka fara adashe tun farkon zango, kaɗan-kaɗan zai taru.

Na biyu, Baba zai ce lokacin ban ruwa ne, gona ba ta jira. Haka ne. Shi ya sa na ce rana ɗaya, kuma a saka ta a Disamba, kafin tsinkar tumatir ta kankama. Wanda bai samu zuwa ba, ya wakilta Inna ko Kawu ko Yaya.

Na uku, za a ce ruwan Tiga ya fi na kanal haɗari. Wannan ma gaskiya ne. Amma a kanal mu kaɗai muke, a Tiga kuwa da malamai da iyaye za mu je. A nemi izinin hukuma tun da wuri, ma'aikacinta ya zagaya da mu ya yi mana bayani, kuma a kafa doka: babu mai taɓa ruwa.

Roƙona na ƙarshe, kada a ce tafiyar maza ce. Mu mata muna tsinkar tumatir, muna kai abinci gona, muna yanka kauɗa mu shanya. Mu ma muna da hakkin ganin inda ruwan yake fitowa.

Ba mu da ƙanƙara, kuma ba ma neman ta. Rana ɗaya muke nema tare da iyayenmu. Ina roƙon Malam Shugaban Makaranta ya gabatar da wannan magana a taron iyaye da malamai mai zuwa. Ku kuma 'yan uwana, duk wanda ya goyi baya ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙasan wannan allo.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta