Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Tseren motocin da ake kira Fomula 1 yana cikin wasannin da suka fi cin rayukan masu yin su, tun ba ma tsakanin 1960 da 1980 ba. A wancan zamani direba yakan kishingiɗa cikin wata 'yar siririyar mota mai kujera ɗaya, tankunan fetur suna dama da hagunsa, ya yi ta gudun da ya kusa kai kilomita 300 a awa, alhali babu abin da ya raba shi da itatuwan gefen hanya sai ɗan shingen ƙarfe. Jim Clark ya mutu a Jamus cikin 1968. Jochen Rindt ya mutu a Monza ta ƙasar Italiya cikin 1970, aka ba shi sarautar zakaran duniya bayan an binne shi. Cikin 1973 Roger Williamson ya ƙone ƙurmus a Holan a gaban 'yan kallo, François Cevert kuma ya mutu a Amurka. Duk wanda ya shiga wannan sana'a a lokacin ya san cewa ba lalle ne ya tsufa ba.

Daga cikin waɗanda suka tsira har suka ba da labari da bakinsu akwai Niki Lauda, mutumin Ostiriya, wanda ya zama zakaran duniya har sau uku, watau cikin 1975 da 1977 da 1984. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta tare da wani ɗan jarida, Herbert Völker, ya fito da Jamusanci cikin 1985, aka juya shi da Ingilishi cikin 1986 da sunan To Hell and Back, watau shiga wuta da fitowa. Littattafan gwanayen wasanni galibi kirari ne mutum yake yi wa kansa. Wannan kuwa ya sha bamban, domin muhimmin abin da ke cikinsa shi ne mai shi ya faɗi ranar da tsoro ya kama shi, ya kuma faɗi yadda ya yi da tsoron.

An haifi Lauda a birnin Viyana ran 22 ga Fabrairu, 1949, a gidan attajirai masu masana'antu. Sai dai dukiyar gidan ba ta amfane shi da kome ba a kan abin da ya sa gaba. Kakansa, wanda shi ne mai faɗa a ji a zuriyar, ya ɗauki tseren mota abin kunya ga ɗan babban gida. Da wani banki ya yarda zai ɗauki nauyin yaron, sai tsohon ya sa baki aka fasa. Lauda ya yanke hulɗa da kakan nasa, ya tafi wani bankin ya ci bashi, ya jingina inshorar ransa, ya sayi wuri a ƙungiyar March cikin 1972. Motar ba ta da kirki, shekara ta ƙare bai sami maki ko ɗaya ba, ga bashi a wuya. Ya koma ƙungiyar BRM cikin 1973, nan ma da alkawarin kuɗin da bai riƙe a hannu ba. A nan ne idon tsoho Enzo Ferrari ya kai kansa, ya ɗauke shi aiki cikin 1974.

Rabon da direban Ferrari ya zama zakaran duniya tun 1964. Lauda ya tarar da kamfani mai suna amma ba nasara, sai ya tare a filin gwaji na kamfanin tare da injiniyoyi da makanikai, kullum a gwada wannan a canza wancan, har motar ta daidaita. Bai shahara da wasa da rai ba, da lissafi ya shahara. Cikin 1975 ya ci tsere biyar ya karɓi sarauta, cikin 1976 kuma kafin a kai tsakiyar shekara ya riga ya yi wa sauran fintinkau.

Daga nan sai aka zo tseren Jamus. Filin Nurburgring, wanda aka buɗe tun 1927 cikin duwatsun Eifel, tsawon zagayensa ɗaya ya kusa kilomita 23, watau kimanin mil 14, ga kwana fiye da 150, ga hawa da gangara, ga daji. Saboda tsawonsa, ana iya yin ruwa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa a bushe, kuma ba shi yiwuwa a zuba 'yan kwana-kwana da likitoci a kowane lungu. Babu wanda zai ce Lauda bai iya filin ba, gama shi ne ya fara zagaya shi cikin ƙasa da minti bakwai, cikin 1975. Duk da haka shi ne ya tashi a taron direbobi ya ce kada a yi tseren. Aka jefa ƙuri'a, aka rinjaye shi, wasu ma suka yi ta yi masa kallon matsoraci.

Ran 1 ga Agusta, 1976, a zagaye na biyu, motarsa ta ƙwace dab da kwanar da ake kira Bergwerk, ta daki gefen tudu, ta kama wuta, ta dawo tsakiyar hanya, motocin da ke biye suka sake dukanta. Hular kwanonsa ta fice. Ya yi kusan minti ɗaya cikin wutar. Waɗanda suka cece shi 'yan'uwansa direbobi ne su huɗu da suka tsayar da motocinsu: Arturo Merzario, da Brett Lunger, da Guy Edwards, da Harald Ertl. Merzario ne ya cusa hannu cikin wutar ya kwance ɗamarar da ta ɗaure shi a kujera. Abin da ya faɗa wa taro shi ne ya auku a kansa, domin a wannan lungu ba wani taimako mai ƙarfi kusa.

Wuta ta cinye masa galibin kunnen dama, da fatar goshi, da fatar idanu. Amma abin da ya fi tayar da hankalin likitocin asibitin Mannheim shi ne hayaƙi mai guba da ya shaƙa ya ƙona masa huhu. Har aka kira limamin Kirista ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. Sauran kwana ya sa ya tashi. Aka yanko fata daga cinyarsa aka liƙa masa a ka. Kwana 42 bayan hatsarin, ran 12 ga Satumba, sai ga shi a Monza cikin mota. Ya zo na huɗu, da ya tuɓe hula aka ga bandejin kansa ya jiƙe da jini.

Wannan shi ne labarin da duniya ta riƙe, har aka yi sinima a kansa cikin 2013. To, amma littafin ya ƙara abin da 'yan kallo ba su gani ba. Lauda ya bayyana cewa maganar da ya yi wa 'yan jarida a lokacin, wai ya gama da tsoro, ba gaskiya ba ce, ya faɗe ta ne don kada abokan hamayya su ga lagonsa. Ranar Juma'a, da ya fita gwaji ana yayyafi, motar ta ɗan zame, sai gabansa ya faɗi, ya kasa ci gaba, ya fito ya koma masauki. A can ya zauna ya bi abin daki-daki, ya gane kuskurensa shi ne neman yin gudun da yake yi kafin hatsari tun a ranar farko. Kashegari ya fara a hankali, kamar mai koyo, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ya fi sauran direbobin Ferrari biyu sauri, ciki har da Carlos Reutemann wanda kamfanin ya ɗauko don ya maye gurbinsa. Watau bai kori tsoro ba, auna shi ya yi, ya san iyakarsa, ya yi aiki cikin iyakar.

Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya. Yayin da Lauda ke kwance, James Hunt na Ingila, direban McLaren, ya yi ta cin tsere yana rage tazara. Da aka zo tseren ƙarshe a gindin dutsen Fuji na ƙasar Japan, ran 24 ga Oktoba, Lauda yana da maki 68, Hunt yana da 65. Ran nan aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama kogi, hazo ya rufe ko'ina. Direbobi da yawa ba su so a tashi ba, amma an riga an sayar da tseren ga gidajen talabijin na ƙasashe, sai aka tashi. Lauda, wanda idanunsa ba su gama warkewa ba, ya yi zagaye biyu, ya shigo rumfar makanikai, ya kashe mota ya fito. Aka ba shi shawara a ce inji ne ya lalace, ya ƙi, ya ce a faɗi gaskiya, shi ne ya ga ransa ya fi masa sarauta. Daga baya ruwan ya ɗauke, Hunt ya zo na uku, ya sami maki huɗu, ya zama zakara da maki 69. Maki ɗaya tak ya raba su.

Wasu jaridun Italiya da suka yi masa kirari cikin Satumba su ne suka juya suna zarginsa da ragwanci cikin Oktoba, tsakaninsa da Enzo Ferrari kuma aka yi tsami. Alhali kuwa mutumin da ya shiga mota a Monza da wanda ya fita daga mota a Fuji mutum ɗaya ne, ma'auni ɗaya kuma ya yi aiki da shi. A Monza ya duba ya ga abin da ke gabansa yana hannunsa, watau fargabar zuciyarsa da ciwon jikinsa, sai ya shiga. A Fuji ya duba ya ga abin ba ya hannun kowa, domin gwaninta ba ta sa mutum ya ga abin da ruwa ya rufe, sai ya fita. In aka auna da kyau, ta biyun ta fi wuya. Wanda ya koma fagen da ya ƙone, jama'a suna bayansa suna tafi. Wanda ya ajiye sarautar duniya a gaban dubban mutane, ya kuma ƙi fakewa da ƙarya, shi kaɗai yake tsaye.

Ba a daɗe ba aka ga ko ragwanci ne. Cikin 1977 ya ci tsere uku, har da na Jamus, wanda aka mayar filin Hockenheim, gama daga 1976 ba a sake yin Fomula 1 a tsohon zagayen Nurburgring ba. Da ya tabbata sarauta ta dawo hannunsa, sai ya bar Ferrari tun da sauran tsere biyu. Ya yi shekara biyu a ƙungiyar Brabham, sannan wata rana cikin 1979, ana tsakiyar gwaji a Kanada, ya fito ya ce ya gaji da kewaya wuri ɗaya, ya tafi ya kama harkar kamfanin jiragen saman da ya kafa, Lauda Air. Ya komo cikin 1982 tare da McLaren, a farkon shekarar kuma yana cikin waɗanda suka shugabanci yajin aikin direbobi a Afirka ta Kudu a kan sharuɗɗan lasin da hukuma ta so ta ɗaure su da su.

Sarautarsa ta uku, ta 1984, ita ce ta fi nuna halinsa. Abokin aikinsa Alain Prost na Faransa ya fi shi ƙuruciya, ya fi shi sauri, ya ci tsere bakwai, Lauda biyar. Da ya ga ba zai kamo yaron a gudun gwaji ba, sai ya mai da hankali ga shirya motarsa don ranar tsere da tara maki. Aka ƙare yana da 72, Prost 71 da rabi. Rabin makin nan kuwa ya samo asali ne daga tseren Monako, wanda aka tsayar saboda ruwan sama aka raba maki biyu. Ruwan da ya hana shi cikin 1976 shi ya ba shi bayan shekara takwas. Ya yi murabus cikin 1985 da nasara 25.

Jarrabawa mafi girma ta zo bayan littafin ya fito. Ran 26 ga Mayu, 1991, jirgin Lauda Air ƙirar Boeing 767 ya faɗi a ƙasar Tailan jim kaɗan bayan tashinsa daga Bankok, mutum 223 suka hallaka, ba wanda ya tsira. Lauda ya tafi dajin da kansa ya ga tarkacen. Bincike ya nuna cewa na'urar da ke juya ƙarfin inji baya, wadda aikinta shi ne tsayar da jirgi bayan ya sauka, ita ce ta buɗe jirgin yana sama. Ya matsa wa kamfanin Boeing lamba har ya fito fili ya yarda cewa matuƙa ba su da ikon ceton jirgi a irin wannan hali, aka kuma gyara ƙirar na'urar. Wanda ya ƙi a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba a Fuji, shi ne ya ƙi a bar matuƙansa da laifin da ba nasu ba a Tailan.

Ya ƙarasa rayuwarsa da jar hular da yake rufe tabonsa da ita, bai nemi a gyara masa fuska don kyau ba. An dasa masa ƙoda cikin 1997 da 2005, da huhu cikin 2018. Daga 2012 ya shiga shugabancin ƙungiyar Mercedes, yana kuma cikin waɗanda suka shawo kan Lewis Hamilton ya koma can. Ya rasu a Zurik ran 20 ga Mayu, 2019, yana da shekara 70.

Abin da ya roƙa a taron 1976 an yi shi daga baya, amma sai da aka ƙara asarar rayuka. An naɗa wa wasan babban likita cikin 1978, an ƙara tsananta dokoki bayan mutuwar Ayrton Senna da Roland Ratzenberger cikin 1994, an sa wa motoci garkuwar kai cikin 2018. Cikin 2020 motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama wuta a Bahrain, ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannu kawai. Duk wanda ya riƙe sitiyari, ko a fagen tsere ko a kan babbar hanya da fasinja a bayansa, watarana zai iske tasa Fujin: ruwa yana zuba, ba a ganin gaba, ana zuga shi ya taka. Ran nan namiji shi ne wanda ya iya tsayawa, ya kuma iya faɗin dalilinsa.