Amanar Baƙo: Daga Zango zuwa Tashar Mota

Akan gargaɗi matashin da zai fara tafiya shi kaɗai da cewa kada ya amince da kowa. A ganina wannan nasiha ba ta wadatar ba, domin matafiyi ba ya rabuwa da tambayar hanya ko neman masauki. Abin koya masa shi ne wanda ya cancanci amincewa.

Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro a ƙarni na 19 ba fara'ar fuska suka dogara da ita ba. Sukan sauka wurin fatoma, wanda arzikinsa ya rataya a kan mutuncinsa. In ya ci amanar baƙo guda, ayari ya kai labarinsa Kano. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari na Sabon Ibadan a littafinsa na 1969.

Yau tashar mota ce ta gaji zango, ko da yake gadon ya raunana. Direban da ke lodi a cikinta, 'yan ƙungiya sun san shi, akwai kuma inda za a kai ƙararsa. Mai ɗaukar fasinja a bakin titi da rangwame kuwa, babu mai tsaya masa, kuma da irin motarsa ake fashin "wan cans" a Abuja.