Martani: Wace Riba Ce a Ciki, Malam?

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce matan da ke ƙorafin ana neman su da lalata a wuraren aikin da maza suka mamaye kuɗi kawai suke nema. Haba! Ka san Lois Jenson? Ta kasance ma'aikaciya a mahaƙar tama a jihar Minnesota ta Amurka. A 1984 ta kai ƙorafi, ba a jima ba aka yayyanka mata tayoyin mota. Shari'a ta yi ta jan ƙafa, lauyoyin kamfani suna bankaɗo sirrin rayuwarta, sai a 1998 aka sasanta. Shekara 14! Wace mace ce za ta sayar da mutuncinta a wannan farashi? Ka janye maganar nan, Malam.