A RARRABA ZAKKA KO A DUNƘULE TA?

Duk shekara idan azumi ya kama, za a ga layin mabarata a ƙofar attajiran Arewa mazauna Sabo ta Badun, da Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Shagamu. Maigida ya fito da damin kuɗi, a bi layi ana miƙa wa kowa naira dubu ɗaya, a watse ana yi masa addu'a. Abin tambaya a nan shi ne, wannan rabo yana fitar da wani daga talauci kuwa?

A yi lissafi. Ɗan kasuwar da jarinsa ya kai naira miliyan 20, ya kuma shekara a hannunsa, zakkarsa ɗaya cikin 40 ce, watau naira 500,000. In ya raba wa mutum 500, kowa zai tashi da kuɗin da ba su wuce abincin yini guda ba, gobe kuma ya dawo layi. Amma in ya zaɓi mutum biyu ko uku, ya ba wata gwauruwa mai marayu ta sayi keken ɗinki, ya ba wani saurayi jarin tireda, to ya tsayar da gidaje da ƙafafunsu. Watakila ma bayan 'yan shekaru su ma su fitar da tasu zakkar.

Waɗansu za su ce ai aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu cin zakka, sabo da haka tilas a bi su duka. Wannan ra'ayin Shafi'iyya ne. A mazhabar Maliku, wadda akasarin mutanen Arewa ke bi, ya halatta a ba kashi ɗaya kaɗai, har ma a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara. Har ila yau malaman mazhabar sun ce a raba zakka a garin da dukiyar take, sai fa in na nesa sun fi tsananin bukata. Ke nan wanda ya tara dukiyarsa a Ikko, kafin ya aika gida sai ya fara duba ɗan dako da mai gadin da ciwo ya kayar a unguwarsu.

Bugu da ƙari, tara jama'a don rabon 'yan kuɗi kaɗan ya sha jawo asarar rayuka. A watan Maris 2024 mutane sun mutu a turmutsitsin rabon zakka a Bauchi. A watan Disamba na wannan shekara kuma yara 35 suka rasu a Badun wajen wani taron rabon kyauta. Alherin da zai ƙare da makoki yana bukatar a sake masa tsari.

Gaskiya ne masu rarrabawa suna da hujjarsu. Baƙo a Kurmi ba ya rasa mai bugo masa ƙofa, kuma in ya dunƙule kuɗin ya ba mutum ɗaya, wannan ya cinye, shi ke nan an yi asarar duka. Maganin wannan shi ne bincike. Liman da Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa sun san mai ƙwazo, sun san malalaci. Ita kuwa sadakar yau da kullum, ta kwanon tuwo da kuɗin mota, ba wanda ya ce a tsuke ta, a yi ta ba kowa.

Wanda zakkarsa ba ta kai ta zama jari ba, sai ya haɗa da ta 'yan'uwansa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003 don irin wannan aiki. Babu abin da zai hana kowane zango a Kudu ya naɗa ɗan kwamitin amintattu, ya riƙa zaɓen gidaje kaɗan kowace shekara, ya kuma karanta wa jama'a lissafi a masallaci. Allah ya sa a dace, amin.